SHARHI: Ana Duba Lafiyar Jirgi, Wa Ke Duba Ta Mai Gyaransa?

Duk wanda ke zaune a Agege ko Oshodi ya saba da rugugin jiragen sama masu tashi da sauka a filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja, har yara sun daina ɗaga kai. Lokacin aikin Hajji kuwa sai ka ga dattijon da bai taɓa hawa ko jirgin ƙasa ba ya shiga cikin wannan ƙaton ƙarfe, ya ɗaura ɗamara, ya yi addu'arsa, ya miƙa lamarinsa ga Allah. Bayan tsarewar Allah, abin da ke sa ya sauka lafiya a Jidda shi ne aikin wasu mutane da bai taɓa gani ba, watau makanikai da masu fenti da masu walda da leburorin da ke kwana a rumfunan gyaran jirage suna kwancewa, suna wankewa, suna ɗaurawa.

Jirgin sama yana da gata. Kowane jirgi yana da littafinsa, inda ake rubuta awa nawa ya yi a sama, sau nawa ya sauka, wane ƙarfe aka canja, wace rana, wa ya canja. Ba ya tashi sai injiniya mai lasisi ya sa hannu, Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, kuma tana da ikon hana shi tashi in ta ga abin da bai gamshe ta ba. Wannan daidai ne, babu mai ja. Amma shi mutumin da ya shaƙi tururin ruwan da aka kankare fentin jirgin da shi, ina nasa littafin? Wa ya rubuta awa nawa ya yi a cikin tankin mai?

Dole ne a fara da bayanin abin da ake taɓawa a wannan aiki, domin yawancin masu yinsa a matakin ƙasa ba a taɓa zaunar da su aka gaya musu ba. Babban abokin gaban jirgi shi ne tsatsa da tsagewar ƙarfe. A watan Afrilu 1988 rufin wani jirgi ƙirar Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yage yana sama a tsibiran Hawayi na Amurka, iska ta fizge ma'aikaciyar jirgin guda, bincike kuwa ya gano ƙananan tsagu ne da tsatsa suka haɗu suka yi wannan ɓarna. Don gudun irin haka ne ake shafa wa jikin jirgi wani fenti na ƙasa, mai launin rawaya ko tsanwa, kafin a sa na ado. Abin da ya sa wannan fenti ke hana tsatsa shi ne wani nau'in sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, kuma shi wannan nau'in, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankarar huhu. Yana kuma cin fata, yana iya huda tantanin da ya raba ƙofofin hanci. Mai fesa shi yana shaƙa, mai kankare tsohonsa yana shaƙar ƙurar, mai sharar ƙurar da tsintsiya bayan kowa ya tashi shi ya fi kowa shaƙa, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. A 2006 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta rage adadin da aka yarda ya kasance a iskar wurin aiki daga 52 zuwa 5, a ma'aunin da suke auna shi, watau ta yarda cewa abin da aka yi shekaru ana cewa ba laifi ya ninka abin da ya kamata sau goma.

Sai ruwan cire fenti. Wanda aka fi amfani da shi shekara da shekaru yana ɗauke da metilin kulorayid. Tururinsa ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasa da cikin lungu, in kuwa ya shiga jiki sai hanta ta mayar da wani kashi nasa irin gubar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe iyali guda cikin dare. Safar hannu ta roba irin ta asibiti ba ta tare shi, cikin 'yan mintoci yake ratsa ta. Ƙasashen Turai sun hana sayar wa jama'a ruwan cire fenti mai ɗauke da shi tun wajen 2012, Amurka ta bi sahu a 2019. Akwai kuma TCE, ruwan wanke maiƙo daga jikin ƙarfe, wanda aka tabbatar a 2012 cewa yana kawo sankarar ƙoda. Akwai man Skydrol mai launin shuni da ke motsa birki da fikafikai, wanda ɗigo ɗaya a ido yakan sa ƙato ya durƙusa. Fentin ado na sama shi ma yana da wani sinadari da ke haddasa ciwon fuka, wanda in ya kama mutum ko ƙanshin fentin ya ji daga nesa sai numfashi ya sarƙe.

Kada wani ya ce wannan tsoratarwa ce kawai ta masana. Abin ya faru, kuma ya faru a ƙasar da ta fi Nijeriya kuɗi da likitoci da dokoki.

A 1973 rundunar sojan sama ta Ostareliya ta karɓi jiragen yaƙi ƙirar F-111 daga Amurka. Jirgin ba shi da tanki na dabam, cikin jikinsa da fikafikansa ne ake zuba mai, an liƙe mahaɗan ƙarfen da wani irin danƙo. Danƙon ya riƙa lalacewa, mai yana yoyo. Saboda haka tun daga 1977, a sansanin Amberley na jihar Kwinsland, aka riƙa tura samari suna rarrafawa cikin waɗannan tankuna, wuri mai duhu da zafi da ƙunci, suna kankare tsohon danƙo suna liƙa sabo, awa da awanni. A zagayen farko an yi amfani da wani ruwa mai suna SR51, mai warin da ba ya barin jiki ko an yi wanka. Mutanen sun ba da shaida daga baya cewa akan kore su daga ɗakin cin abinci da gidan silima na sansanin saboda wari, wasu ma matansu sun ƙaurace wa shimfiɗarsu. Safar hannun da aka ba su takan narke, na'urar numfashi takan hana su shiga lungun da aikin yake, sai su cire su ajiye don kada a ce sun yi jinkiri. Wanda ya je wurin likita da ciwon kai ko ƙuraje ko mantuwa, sai a ba shi ƙwaya a ce ya koma bakin aiki. Kowa da ranar da ya zo, kowa da likitan da ya gani, ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Haka aka yi ta yi fiye da shekara 20. Sai a ƙarshen 1999 wani likitan sansanin ya lura cewa masu zuwa da irin wannan ciwo duk daga sashe ɗaya suke, aka dakatar da aikin a watan Janairu 2000. Kwamitin binciken da rundunar ta kafa ya ba da rahotonsa a 2001, ya ce mutum fiye da 400 lafiyarsu ta taɓu taɓuwa mai daɗewa, ya kuma faɗi abin da ba a saba jin soja sun faɗa game da kansu ba, cewa an fifita tashin jirgi a kan lafiyar mutum. Binciken likitoci da ya fito a 2004 ya nuna alamar cewa ciwon daji ya fi yawa a cikinsu da kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari in an gwada da sauran abokan aikinsu, ga baƙin ciki marar dalili, ga mantuwa, ga raunin mazakuta. A 2005 gwamnati ta biya wasu dalar Ostareliya 40,000, wasu 10,000, wasu kuwa ba su sami ko sisi ba, saboda babu takardar da ta nuna sun taɓa shiga tankin. Waɗannan su ne waɗanda akan kira daga wani sashe a ce su zo su taimaka su toshe yoyo na kwana biyu. Sai da majalisar ƙasar ta sake bincike a 2009 kafin a waiwaye su a 2010, shekarar da aka yi ritayar jirgin kansa.

Akwai wani abu a labarin nan da ya kamata mai karatu ya riƙe. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su kama SR51 da laifin kawo ciwon daji ba, duk da warinsa, hankalin masu bincike ya koma kan shi man jirgin da mutanen suka riƙa jiƙewa da shi. Man jirgin sama kuwa ɗan'uwan kananzir ne, wanda kowa ke raina wa, wanda makanike ke wanke hannu da shi kafin ya ci abinci. Ashe wari ba shi ne ma'aunin guba ba.

To, sai batun haske, wanda shi ma ba a cika ɗaukarsa da muhimmanci ba. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Shi ne ke ƙona fata, shi ne kuma ke cin ido a hankali. Mai gyaran jirgi yana haɗuwa da shi ta hanya fiye da ɗaya. In ana neman tsagar da ido ba ya iya gani a jikin ƙarfe, akan shafa wani ruwa mai ratsa tsaga, a goge, a shiga ɗaki mai duhu a haska fitilar UV, sai tsagar ta bayyana tana ƙyalli kore shar. A duhu ƙwayar ido a buɗe take, ga fitila a hannu, ga ƙarfe mai sheƙi yana mayar da hasken. Tsofaffin fitilun suna da gilashin tacewa a baki, in ya tsage sai haske mafi ƙuna ya fito, mai riƙe da ita kuwa ba zai ji komai ba a lokacin. Sai cikin dare, bayan awa shida zuwa goma sha biyu, ido ya yi ja, hawaye ya ƙi tsayawa, mutum ya ji kamar an watsa masa yashi. Duk mai walda a bakin titi ya san wannan dare. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne a 2017 an sa hasken walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo wata irin sankarar ido. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, wasu kamfanonin jirage sun shigo da na'urorin kashe ƙwayoyin cuta a cikin jirgi da wani nau'in UV wanda ya fi waɗancan kaifi, masu sharar jirgi ne kuwa ke tura su.

Sai ita ranar kanta. A filin jirgi babu itace, babu rumfa, sai siminti fari da jikin jirgi mai walƙiya, haske ta sama, haske ta ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai kusan mutum 19,000 suka mutu da sankarar fata saboda aiki a rana. Nan wani zai ce ai wannan ciwon Turawa ne. Da gaskiyarsa ta wani fanni, baƙar fata tana da kariyar da fara ba ta da ita. Amma ƙwayar ido ba ta da wannan kariya. Yanar ido da tsiron naman nan da ke tasowa daga gefen ido yana nufar tsakiya, rana na cikin manyan masu kawo su, kuma asibitocin ido na Kaduna da Kano ba su rasa masu su ba. Zabiya kuwa bai kamata ko kusa a tsayar da shi aiki a wannan fili ba sai da cikakkiyar sutura da malafa.

Me ya kawo wannan magana shafin da 'yan Arewa mazauna Kudu ke karantawa? Dalili biyu. Na ɗaya, akwai 'ya'yan Arewa da suka yi karatun injiniyan jirgi a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, aikin kuwa yawancinsa a Ikko yake. Waɗannan sun yi karatu, suna iya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani, suna da ƙungiya. Na biyun ya fi damuwa. Ƙasan injiniya akwai mai wanki, mai shara, mai ɗaukar duro, mai gadin rumbun da ake ajiye kayan, wanda ke kwana a ƙofarsa yana shaƙa har asuba. Irin wannan aiki a ƙasar nan yawanci ta hannun ɗan kwangila ake ba da shi, ba takardar ɗauka, ba katin asibiti, kuma kowa ya san su wane ne ke cika irin waɗannan guraben a Ikko da Fatakwal. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gyaran jirage a cikin gida kuma ƙaruwa yake yi, tun da a 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala babban gyaran nan na jirgin Boeing 737 a Ikko, wanda a da sai an kai waje. Wannan abin alfahari ne, yana kuma tsimin kuɗin ƙasashen waje. Sai dai duk aikin da ya dawo gida, da gubarsa yake dawowa.

Mugun halin waɗannan cututtuka shi ne jinkiri. Sankarar huhu takan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana. Saurayin da ya share ƙurar fenti yana ɗan shekara 25, lokacin da tari zai kama shi ya daɗe da komawa Gumel ko Illela, ya yi aure, yana noma. Za a ce tarin fuka ne, za a ce sammu ne, a sayar da akuya a sayar da gona. Ba wanda zai tuna da wata rumfa a Ikeja. Ko da ya tuna, wa zai kama? Kamfanonin jirage a ƙasar nan ba su cika tsawon rai ba. Shi kansa Nigeria Airways an rufe shi a 2003, har 2018 tsofaffin ma'aikatansa suna bin gwamnati bashin haƙƙoƙinsu, su da ke da lamba da fayil. Ina ga wanda ko sunansa ba a rubuta ba?

Ba doka ce babu ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin fitar da ƙura da tururi da ba da kayan kariya. Akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, ta kuma ambaci cututtukan da aiki ke kawowa. Dokar ba ta ware lebura na wucin gadi ba, ko da baki aka yi yarjejeniyar ɗaukarsa yana ciki. Amma ta ce a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a shigar da neman diyya cikin shekara guda, kuma mai nema shi zai nuna inda ya yi aiki da abin da ya taɓa. Nan ne gizo ke saƙa. A Amurka doka ta tilasta a ajiye bayanin abin da ma'aikaci ya shaƙa har shekara 30, a Ingila kuwa takardar binciken lafiyarsa shekara 40. Ya kamata Ma'aikatar Ƙwadago da NCAA su haɗa kai su sa wannan cikin sharuɗɗan ba da lasisin buɗe wurin gyaran jirgi, a rubuta sunan duk wanda ya shiga tanki ko ɗakin fenti, ma'aikacin kamfani ne ko na ɗan kwangila, a ajiye kwafin a hannun hukuma inda mutuwar kamfani ba za ta tafi da shi ba. Sufeton da ke zuwa duba ko an ɗaure kusoshi daidai, ba zai gagare shi ya tambayi yaushe aka canja matatar takunkumin mai fenti ba. Ƙungiyoyin ma'aikatan jiragen sama, NUATE da NAAPE, waɗanda ba su jin nauyin rufe ƙofar filin jirgi a kan albashi, su ma lokaci ya yi da za su sa wannan a takardar buƙatunsu.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da sarakunan Hausawa da limaman unguwanni za su iya faɗa wa matasa, ba sai an jira kowa ba. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, ko takunkumin takarda, ba ya tare tururi ko kaɗan. Gwangwanin madarar da ake ba mai fenti bayan aiki abinci ne, ba ya wanke huhu, kuma duk maigidan da ya ba da madara a maimakon takunkumi mai matata ya sayi lafiyar yaronsa da araha. Kada a ci goro ko a sha taba da hannun aiki, kada a wanke hannu da tina ko fetur. Rigar aiki ta tsaya a wurin aiki, don in ta zo gida matar da za ta wanke ta da yaron da zai hau cinya su ma sun samu rabonsu. In wani ruwa ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15 sannan a nufi asibiti, ban da ɗiga wani abu na gargajiya. Wanda bai iya karatu ba ya duba hoton da ke jikin gwangwani cikin jan zane mai kusurwa huɗu: ƙoƙon kai da ƙasusuwa guba ce mai saurin kisa, hoton mutum da tauraro a ƙirji kuwa ita ce mai ci a hankali. Kowa kuma ya sami ɗan littafi ya rubuta, ko ya sa a rubuta masa, sunan kamfani da na ɗan kwangila da ranar da ya fara da ranar da ya bari.

Saura maganar duro, wadda ta shafi har wanda bai taɓa taka filin jirgi ba. Manya za su tuna 1988, lokacin da aka gano dubban durorin guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar jihar Bendel, ma'aikatan da suka kwashe su wasu suka ƙone, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa dokar hana shigo da dattin guba da hukumar kare muhalli a wannan shekara. Waccan gubar daga waje ta zo, kowa ya yi ihu. Amma duro da jarkar da aka juye ruwan cire fenti ko man birkin jirgi daga cikinsu, in ba a fasa su ba, hanyarsu ɗaya ce: hannun 'yan gwangwan, daga nan kasuwa, daga nan kurar mai ruwa ko bayan ɗakin mai abinci. Roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki da omo ba ya fitar da shi. Ya kamata a tilasta wa kowane wurin gyaran jirgi ya huda gindin duk duron da ya ƙare kafin ya fita ƙofa, shugabannin 'yan gwangwan da na masu ruwa a Agege da Mile 12 kuma su hana yaransu sayen duk wanda ke ɗauke da jan zanen nan, komai arharsa.